Falconer ko Hardy da Wright, wanne za ka saya in kuɗin littafi ɗaya gare ka?

Tambayar nan tana yawan fitowa daga 'yan lissafi masu shiga aji uku ko aji huɗu a jami'a, da waɗanda suka fara mastas suna laluben inda za su sa gaba, wai tsakanin littafin firaktal, wato siffofin da ƙananan sassansu ke kama da siffar gaba ɗaya, da na ilimin lambobi wanne ya kamata mutum ya fara mallaka tunda kuɗin ba zai kai biyu ba, littattafan waje kuma kun san yadda dala ta mai da su. Kusan kullum biyu ake nufi, Fractal Geometry na Kenneth Falconer da An Introduction to the Theory of Numbers na Hardy da Wright. Duka ina da su kuma duka na zauna da su da biro da takarda ba wai buɗawa kawai ba, to amsata tun daga farko ita ce in har ba ka yi riyal analisis, wato kwas ɗin da ke kafa hujjojin da kalkulas ke tsaye a kansu, ya zauna maka daram ba, sayi Hardy da Wright tukunna, Falconer ya jira. Amma ba na so ku ɗauki maganar haka kawai, gara ku ji dalili don akwai wanda a wajensa akasin haka ne daidai.

Abin da ke jan mutane wajen firaktal hotuna ne, mu faɗi gaskiya. Mutum ya ga bidiyon saitin Mandelbrot a YouTube ana ta zuƙowa ciki launi na fitowa cikin launi ba iyaka, sai ransa ya biya ya ce shi nan zai yi furojet ɗinsa. Benoit Mandelbrot shi ya raɗa wa fannin suna a 1975, littafinsa na 1982 The Fractal Geometry of Nature kuma shi ya yaɗa abin a duniya, gajimare, gaɓar teku, rassan bishiya da sauransu. Falconer ba wannan ya rubuta ba sam. Shi farfesa ne a jami'ar St Andrews da ke Sikotilan, littafin ya fara fita a 1990, bugu na biyu 2003, na uku 2014 daga kamfanin Wiley, shafi wajen 400, zane-zanen ciki baƙi da fari ne kuma an sa su ne don su taimaka wa hujja ba don ado ba. Littafin analisis ne tsantsa, tambayar da yake bi tun daga farko har ƙarshe guda ɗaya ce, yaya za a auna girman abin da tsawo da faɗi suka kasa aunawa.

Ga misalin da yake buɗewa da shi, saitin Cantor wanda ya fito tun 1883. Ka ɗauki layi daga 0 zuwa 1 ka cire sulusin tsakiya, guntaye biyu suka rage, kowanne ka sake cire sulusin tsakiyarsa, huɗu suka rage, ka ci gaba a haka ba tsayawa. In ka haɗa abin da ka cire, 1/3 da 2/9 da 4/27 har abada, jimlar 1 ce cif, wato ka cire tsawon layin gaba ɗaya, amma kuma ɗigon da suka rage yawansu daidai yake da yawan ɗigon layin tun kafin ka taɓa shi. To mene ne girman wannan abu? In ka ce sifili ka raina shi, in ka ce layi ne ka yi ƙarya. Amsar ita ce daimenshan ɗinsa log 2 bisa log 3, kusan 0.63, saboda kwafi biyu ne na kansa kowanne an rage shi zuwa sulusi. Haka lanƙwasar Koch ta 1904, kwafi huɗu a sulusi, ta ba da kusan 1.26, alwatikar Sierpinski ta 1915 kwafi uku a rabi, kusan 1.585. Wannan ɓangaren kowa yana jin daɗinsa, ɗan sakandare mai ƙoƙari ma zai iya binsa, kuma a nan ne mai saye yake ruɗuwa in ya tsaya a shago ya karanta gabatarwa kawai ya ga ai abin ba wuya.

Wuyar tana zuwa ne da zarar an ce to yanzu ka tabbatar. Faɗin 0.63 daban, kafa hujja a kan ma'aunin Hausdorff, wato hanyar auna girman saiti ta rufe shi da ƙananan guntaye, daban. Nuna cewa daimenshan bai wuce wannan lambar ba yana da sauƙi, ka kawo hanya ɗaya ta rufe saitin da ƙananan guntaye shi ke nan an gama, amma nuna bai gaza ta ba sai ka yi maganin duk wata hanyar rufewa da wani zai iya ƙirƙirowa, wadda ka sani da wadda ba ka sani ba, kuma nan ne Falconer yake kawo dabarar baza nauyi a kan saitin, ka sa ma'auni a kansa ka nuna babu ƙaramin guntu da ya ɗauki nauyi fiye da kima. Wallahi dabara ce mai kyau ƙwarai, ranar da ta faɗa maka za ka ji daɗi har cikin ranka, sai dai ba za ta faɗa wa wanda har yanzu efsilon da delta ke razana shi ba, ko wanda bai saba da infimom da sufirimom ba. Babi na farko yana da taƙaitaccen bayani a kan ma'auni da furobabiliti, Falconer ya yi ƙoƙari sosai ya rage buƙatar meja tiyori, har ya sa alamar tauraro a wuraren da suka fi tsauri don mai fara karatu ya tsallake, amma wannan babin tuni ne ga wanda ya taɓa gani, ba zai koyar da wanda bai taɓa gani ba.

Inda na yaba masa matuƙa, kowane babi yana ƙarewa da atisaye, kuma atisaye na gaske masu hawa daga mai sauƙi zuwa mai sa gumi. Sannan rabi na biyu na littafin cike yake da abin da ɗalibi zai iya mayarwa furojet. Babi na 9 a kan tsarin maimaita fankshan wanda Hutchinson ya shimfiɗa a 1981, inda fomula ɗaya take ba ka daimenshan ɗin Cantor da Koch da Sierpinski gaba ɗaya, akwai giraf ɗin fankshan ɗin Weierstrass wanda ba ya yankewa ko'ina amma ba inda za ka iya difarenshiyet ɗinsa, akwai saitin Julia da na Mandelbrot a babi na 14 da hujjojinsu ba hoto kawai ba, akwai tafiyar Brown wadda sawunta a fili daimenshan 2 gare shi giraf ɗinta kuma 1.5. Mai mastas da sufabaiza ɗinsa ɗan analisis ne ko dainamikal sistem, kuma yana iya ɗan rubuta Python ya zana abin ya ƙirga ƙananan akwatunan da suka rufe shi ya kimanta daimenshan ya gwada da abin da tiyorem ya ce, wannan kam Falconer ne nasa ba tantama, kada ma ya tsaya jin sauran maganata.

Hardy da Wright kuma wata duniya ce. Ya fita a 1938 daga Oxford, G. H. Hardy ya rasu a 1947, E. M. Wright wanda ya yi rayuwar aikinsa a jami'ar Aberdeen ya ci gaba da kula da shi bugu bayan bugu, bugu na shida ya fito a 2008 bayan rasuwarsa, Roger Heath-Brown ya sabunta bayanan ƙarshen babi, Joseph Silverman ya ƙara babi na 25 a kan eliftik kob, Andrew Wiles wanda ya warware tiyorem ɗin Fermat na ƙarshe shi ya rubuta buɗewa. Ya haura shafi 600, tiyorem sama da 400 a jere da lamba. Marubutan da kansu sun ce ba tsararren littafin kwas suka yi ba, gabatarwa ce ga fannoni da yawa ɗaya bayan ɗaya, kuma haka yake, kamar Kasuwar Kurmi ne, layin dukawa daban layin masu turare daban, ta kowace ƙofa ka shiga za ka samu abin saye ba sai ka bi ta farko ba.

Dalilin da ya sa nake cewa a fara da shi, abin da yake nema a wajenka kafin ka shiga kaɗan ne, aljebra ta sakandare da kalkulas na aji ɗaya sun ishe ka yawancin babuka, abin da yake nema da yawa haƙuri ne. Kuma tambayoyinsa kana iya gwada su da hannunka a bayan takarda kafin ka karanta hujja. An ce duk lamba firayim, wato wadda ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, in ka raba ta da 4 ta bar saura 1 to jimlar sukwaya biyu ce, sai ka gwada 13 ka ga 4 da 9, ka gwada 29 ka ga 4 da 25, ka gwada 7 ko 11 masu barin saura 3 ka ga sun ƙi. An ce kowace lamba jimlar sukwaya huɗu ce ko ƙasa, Lagrange ya tabbatar a 1770, ka gwada 23 ka ga 9 da 9 da 4 da 1. Fermat ya zaci duk lambobinsa na musamman, irin su 3, 5, 17, 257 da masu biyo su, firayim ne, Euler ya zo ya nuna 641 tana raba 2 mai ƙarfin 32 a ƙara 1, littafin ya nuna maka yadda za ka gani a layi kaɗan ba tare da doguwar rabawa ba. Kana ganin abin da idonka, ka yarda gaskiya ne, sai ka shiga neman me ya sa, kuma ni a ganina babu hanyar koyon kafa hujja da ta fi wannan, ka riga ka damu da amsar kafin a ba ka ita.

Babin da na fi so shi ne na 19, a kan hanyoyin kasa lamba. 4 tana kasuwa hanya 5, wato 4, sai 3 da 1, 2 da 2, 2 da 1 da 1, sai 1 sau huɗu. 5 hanya 7. Abin kamar wasan yara, amma kafin ka kai 100 ya zama 190,569,292. Ramanujan ya dubi jadawalin ya lura na 4 ya ba da 5, na 9 ya ba da 30, na 14 ya ba da 135, duk suna rabuwa da 5, kuma haka abin yake har abada duk lambar da ta ƙare da 4 ko 9, hujjar tana nan cikin babin, Hardy kuwa shi ne mutumin da ya kawo Ramanujan Cambridge suka yi aiki tare, to ka san daga bakin wa kake ji. Babi na 22 ma ba ƙarami ba ne, tiyorem ɗin yawan firayim, firayim 168 ne ƙasa da 1000, 78,498 ƙasa da miliyan, suna raguwa amma a bisa tsari, an fara tabbatar da shi a 1896 da kwamfales analisis, sai a 1949 Selberg da Erdős suka kawo hanyar da ba ta buƙatarsa, wannan hanyar ce aka sa a bugun baya. Tana da tsawo da gajiyarwa, ba zan ɓoye ba, amma ana iya binta.

Wani ɗan ratse, wannan fanni ba baƙo ba ne a wajenmu. Malam Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta aikinsa na Larabci a 1732 a kan hatimi mai gidaje mara, irin mai gida tara ɗin nan da kowane layi ke ba da 15, ya rasu a Alkahira a 1741. Dokar cike gidajen, in ka fita ta wannan gefe ka shigo ta wancan, ita ce lissafin saura da Hardy da Wright suka shimfiɗa daga babi na 5 zuwa na 8. Ba su yi maganar hatimi ba, amma wanda ya karanta babukan zai iya zama ya bayyana wa kansa dalilin da ya sa dokar take aiki, kuma furojet ne mai kyau na aji huɗu da ban ga ana yawan ɗauka ba.

Yanzu aibinsa, kuma babba ne. Babu atisaye, ko ɗaya. Littafin lissafi mai shafi 600 ba tambaya ɗaya da aka ce kai ma gwada, wannan abin yana damuna har yau domin yana sa mutum ya karanta hujja mai santsi ya gyaɗa kai ya zaci ya iya, sai an ba shi tambaya a jarrabawa ya ga ba komai a hannunsa. Maganin da na sani biyu ne, ko ka rufe hujjar da takarda ka gwada da kanka kafin ka duba, ko ka haɗa shi da Elementary Number Theory na David Burton wanda yake cike da atisaye kuma yawanci ana samunsa a laburare. Aibi na biyu, salon tsohon zamani ne, ba ya magana da harshen gurup da ring yadda ake koyarwa yanzu, za ka ga an tabbatar da ƙaramin tiyorem ɗin Fermat da na Euler da hannu alhali ɗan aljebra zai gama su a layi biyu, wannan yana da amfaninsa ga mai farawa amma wanda zai wuce aljeburek namba tiyori dole ya nemi wani daga baya. Sannan akwai abin da ya faɗa bai tabbatar ba, tiyorem ɗin Dirichlet na 1837 a kan firayim a jerin lambobi masu tazara ɗaya, sun ambace shi sun ce ya fi ƙarfin littafin, hujjarsa sai ka je wajen Apostol, Introduction to Analytic Number Theory na 1976. Mai neman kiriftogirafi kuma, RSA da aka ƙirƙira a 1977 tana tsaye ne a kan tiyorem ɗin Euler da ke cikin littafin, amma littafin ba zai koya maka ɓoye saƙo ba, tushen kawai zai ba ka.

Abin da ya sa na dage a kan jerin, wane kafin wane, shi ne littattafan nan biyu suna haɗuwa a tsakiya kuma mutane ba su cika lura ba. Babi na 9 na Hardy da Wright a kan rubuta lamba a desimal da sauran tushe ne, kuma saitin Cantor yana ciki, a matsayin lambobin da za a iya rubutawa a tushe 3 ba tare da alƙalami 1 ba, sai 0 da 2 kawai. Babi na 10 firakshan mai sarƙa, wato firakshan cikin firakshan cikin firakshan, babi na 11 yadda ake kusantar lambar da ba firakshan ba da firakshan, dalilin da ya sa 355/113 ta kusa da pai sosai har gida shida bayan ɗigo, da lambobin Liouville da ake kusanta fiye da kima. A duk waɗannan babukan suna yawan kaiwa wani wuri su ce kusan duk lambobi suna da hali kaza, waɗanda suka saɓa ma'auninsu sifili ne, su wuce. To Falconer babinsa na 10 gaba ɗaya misalai ne daga ilimin lambobi, kuma daidai inda suka tsaya ya ɗauka, yana tambaya wannan sifilin, wane irin sifili ne? Kusan duk lamba in ka rubuta ta a tushe 2 rabin alƙalumanta 0 ne rabi 1, to waɗanda sulusi ne 0 sulusi biyu 1 fa, tsawonsu sifili amma daimenshan ɗinsu kusan 0.918. Lambobin da firakshan ɗinsu mai sarƙa ba ya ɗauke da komai sai 1 da 2, kusan 0.531. Sai tiyorem ɗin Jarník na 1929 wanda Besicovitch ya sake samowa a 1934, lambobin da ake kusanta da ƙarfin alfa, wato akwai firakshan p/q marasa iyaka da tazararsu da lambar ba ta wuce 1 bisa q mai ƙarfin alfa ba, daimenshan ɗinsu 2 bisa alfa ne, ƙarfin 3 ya ba da 2/3, ƙarfin 4 ya ba da rabi, na Liouville su faɗi har sifili. Wanda ya zo wannan babin bayan ya sha babi na 9 zuwa 11 na Hardy da Wright zai ji kamar an amsa masa tambayar da ta daɗe tana cinsa, wanda ya zo kai tsaye kuma zai ga fomula ne kawai a kan wasu saituka da bai san me ya sa aka damu da su ba. Ko alwatikar Sierpinski ma, ka rubuta alwatikar Pascal ka baƙanta lambobin mara ka bar na cika, ita ce za ta fito, kuma dalilin lissafin saura ne.

Ga masu sha'awar firaktal ta ɓangaren al'ada, akwai African Fractals na Ron Eglash na 1999, wanda ya duba tsarin gine-gine irin na garin Logone-Birni a arewacin Kamaru, gida cikin gida cikin gida. Karatu ne mai daɗi kuma yana iya ba ka babin gabatarwa, amma ba zai koya maka kafa hujja ba, kada ka saye shi a madadin Falconer kana zaton abu ɗaya ne.

Maganar bugu, in ka samu tsohon Hardy da Wright bugu na biyar na 1979 a hannun masu sai da tsofaffin littattafai ko wani malami da ya yi ritaya, ɗauka ba tare da wani tunani ba, babuka 24 ɗin duk suna nan, abin da za ka rasa babin eliftik kob ne da sababbin bayanan ƙarshen babi, eliftik kob kuma in ka kai gare shi littafi na musamman za ka nema dama. Falconer ne ake ɗan lura, a bugu na biyu ma'aunin Hausdorff ne babi na 2 ƙirga akwatuna ya biyo a na 3, a bugu na uku ya juya su, ƙirga akwatuna ya zo farko, wanda ya fi sauƙi ga mai farawa sosai don kana iya gwada shi a kwamfuta tun kafin ka shiga ma'auni. In kwas ake yi muku da shi ko sufabaiza ne ya ce ka karanta babi kaza, ka tambaye shi wane bugu ne a hannunsa kafin ka tura kuɗi, in kuma kai kaɗai za ka yi karatunka to na uku za ka nema.